Daga Filin Sukuwa zuwa Dandalin Murtala: tarihin babban wurin taro na Kaduna

A tsakiyar birnin Kaduna, kusa da titin Independence da titin Muhammadu Buhari wanda a da ake kira Waff Road, akwai wani makeken fili da da wuya a ba da tarihin Arewacin Najeriya ba tare da an ambace shi ba. A nan sarakunan Arewa suka yi wa Sarauniyar Ingila hawa a 1956, a nan aka yi bikin samun mulkin kai a 1959, kuma a nan ake rantsar da gwamnonin jihar Kaduna. Yau sunansa Dandalin Murtala Muhammad, amma har gobe dattawan gari da Filin Sukuwa suka san shi. A cikin harabarsa akwai zauren Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taro na birnin.

Wannan bayani ya bi diddigin yadda filin ya faro, da irin sauye-sauyen da ya gani cikin shekara ɗari da 'yan kai, da kuma tambayoyin da tarihinsa ke ɗora wa duk garin da ke shirin gina irinsa.

Asalin filin

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina ko Zariya. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, a ƙasar Zazzau inda Gbagyi ke zaune, aka kuma taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa can a 1917. Dalilan zaɓin a fili suke: ga ruwan kogi, ga layin dogo da ya haɗa Legas da Kano, ga shi kuma babu fadar wani babban sarki a wurin da za a yi ta kai ruwa rana da ita. Saboda haka Turawa suka zana garin a takarda kafin su gina shi, suka ware barikin soja da ofisoshi da unguwar Turawa da unguwannin 'yan ƙasa. Sunan Waff Road ma daga sunan rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma aka ciro shi.

A tsarin garuruwan mulkin mallaka, doka ta tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga sauro da cututtuka. Wannan tsari ya bar manyan filaye a tsakiyar garuruwa, kuma Turawa masu son doki suka riƙa mayar da irin waɗannan sarari wuraren sukuwa da wasan ƙwallon dawaki. Legas tana da nata filin sukuwa, Kano tana da nata, Kaduna ma aka yi mata. Kulob ɗin ƙwallon dawaki na Kaduna, inda ake fafatawa a kan shahararren kofin Georgian, yana maƙwabtaka da dandalin har yanzu, shi ne kuma shaidar da ta rage ta amfanin farko da aka yi da wurin.

Yadda hawa ya koma daba

Hawan sarakuna ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. A Kano ana danganta tsarin hawan Sallah da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Hakimai su fito da dawakinsu da 'yan lifida da 'yan sulke, su yi jahi a gaban sarki, wato su nuna masa cewa rundunarsa a shirye take kuma mubaya'arsu tana nan. Kowace masarauta nata hawan take yi a ƙofar fadarta.

Abin da Turawa suka kawo shi ne tara sarakuna da yawa a fili ɗaya domin su gaida wakilin Sarkin Ingila. Wannan al'ada daga Indiya suka ɗauko ta, inda aka yi manyan taruka irinta a Delhi a 1877 da 1903 da 1911, kuma Lugga kansa a Indiya aka haife shi, a can ya fara aikin soja. Kalmar da suke kiran taron da ita asalinta Farisanci ce, ita ce bakin Bahaushe ya mayar “daba”. An yi irin wannan hawa a Zariya a 1911, a Kano a 1913, sannan a Kano a 1925 lokacin ziyarar Yariman Wales. Da Kaduna ta kafu sosai a matsayin hedikwata, sai babban hawan ya komo Filin Sukuwa.

Hawan 1956 da bikin 1959

Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ziyarci Najeriya daga 28 ga Janairu zuwa 16 ga Fabrairun 1956, kuma a farkon Fabrairu ta iso Kaduna. Gwamnan Jihar Arewa a lokacin shi ne Sa Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Mai Wandon Ƙarfe, Firimiya kuwa Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello. Dubban mahaya suka taru daga lardunan Arewa. Waɗansu tawagogin, musamman na nesa irin Barno, sun yi makonni a hanya da dawakinsu, ana yada zango ana tashi. Sai da aka kafa musu sansani a bayan gari, aka tanadi ruwa da harawa da ingirici, abin da ya nuna cewa ɗawainiyar babban taro tana farawa tun kafin ranar taron da nisa.

Sarakunan wancan zamani sanannu ne: Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Shehun Barno Umar Sanda Kyarimi, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, Sarkin Katsina Usman Nagogo, Sarkin Zazzau Ja'afaru, da Lamiɗon Adamawa Aliyu Mustafa wanda bai daɗe da hawa karaga ba. A jerin da tawagogi suka bi suka wuce gaban rumfar baƙi, mai kallo yana iya karanta martabar kowace masarauta a idon gwamnati. Ga Turawa, hawan nuni ne na biyayya. Ga Sardauna da ministocinsa kuwa dama ce ta nuna wa duniya cewa Arewa dunƙulalliya ce, tana da tsari da shugabanni, a daidai lokacin da ake ta muhawara a kan ranar samun 'yanci.

Bayan shekara uku saƙon ya fito fili. Jihar Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959, ranar da aka zaɓa da gangan domin ta dace da ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Da yake ranar ta faɗo cikin azumin Ramadan, sai aka ɗage shagulgula zuwa watan Mayu. Duke na Gloucester, baffan Sarauniya, ya zo da matarsa a madadinta, aka sake cika Filin Sukuwa da dawaki da raƙuma da makaɗa. A wancan lokaci yankin Mubi yana ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, ana gudanar da shi tare da lardin Adamawa. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya shigo Najeriya sosai, aka kafa lardin Sardauna. Ke nan Arewar da ta yi biki a Kaduna a 1959 ba ta gama haɗuwa ba tukuna.

Zauren majalisa da filin ƙwallo

Fili buɗaɗɗe ya dace da hawa da fareti, amma shawara sai a ƙarƙashin rufi. Wannan aiki zauren Lugard Hall ya ɗauke shi, mai dogon kubba, inda Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa suke zama. A can ne aka yi manyan muhawarori a kan gyaran mulkin En'e da ilmi da mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa. A yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce ke amfani da harabar. Otal ɗin Hamdala, wanda aka gina a zamanin gwamnatin Sardauna a kan Waff Road, shi ya zama masaukin manyan baƙi da wurin liyafa.

A tsakiyar shekarun 1960 aka ƙara na uku, wato filin wasa na Ahmadu Bello, wanda masu zanen gine-gine 'yan Ingila Maxwell Fry da Jane Drew suka tsara. Da wannan Kaduna ta mallaki abubuwa uku da babban birni ke bukata domin tara jama'a: dandalin biki, zauren shawara, da filin wasa mai kujeru. Legas ba ta gina babban filinta na Surulere a siffarsa ta zamani ba sai a 1972, saboda wasannin Afirka na 1973.

Sabon suna da hawan 1977

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci rayuwar Sardauna a gidansa da ke Kaduna, gidan da daga 1970 ya koma cibiyar tarihi ta Arewa House, wadda ita ma zaurenta ya zama matattarar taron masana da 'yan siyasa. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, Kaduna ta koma hedikwatar Jihar Tsakiyar Arewa kawai. Gine-ginen da aka yi domin yanki guda suka rage a hannun magada da yawa, kuma tun daga nan batun wane ne zai ɗauki nauyin kula da su ya fara tasowa.

Ranar 13 ga Fabrairun 1976 aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammad a Legas. Cikin alhinin da ya biyo baya aka sa wa wurare da dama sunansa, har da filin jirgin saman Legas da Filin Sukuwa na Kaduna. Haka ma filin sukuwar Legas, inda aka sauke tutar Ingila a daren 1 ga Oktoban 1960, ya riga ya koma Dandalin Tafawa Ɓalewa. Filayen shaƙatawar Turawa guda biyu suka ɗauki sunayen shugabannin Najeriya biyu da aka kashe a kan mulki.

Shekara guda bayan haka dandalin ya karɓi taron da ya fi kowanne baƙin duniya. Bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, FESTAC, ya gudana daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 ƙarƙashin gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo. Legas ce ta ɗauki yawancin shirye-shirye, amma babban hawan daba Kaduna aka kawo shi. Kuɗin man fetur yana shigowa a lokacin, saboda haka aka yi wa dandalin gyara na musamman, aka kuma gina otal ɗin Durbar a kusa da shi domin baƙi. Wannan karon masu kallon da ke rumfa shugabannin Afirka ne da baƙaƙen fata daga Amurka da Brazil da tsibiran Karibiyan, kuma hawan da Turawa suka tsara domin nuna biyayya ya koma abin tinƙaho na ƙasa mai 'yanci. A cikin shekarar dai Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa karo na uku, gasar da aka ƙirƙiro a 1973 domin ɗinke ɓarakar yaƙin basasa.

Filin kowa da kowa

Daga nan amfanin dandalin ya yi ta faɗaɗa. A cikinsa aka yi shekaru ana gudanar da baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jihar ke shiryawa, kafin a koma matabbatarsa a kan hanyar Zariya. A waɗannan shekaru masaƙun Kakuri suna aiki dare da rana, kamfanin Peugeot yana haɗa motoci, matatar mai ta fara aiki a 1980, saboda haka akwai abin bajewa.

A watan Fabrairun 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya jagoranci addu'a a dandalin, ya kuma naɗa sababbin limaman coci a gaban ɗimbin mabiya. A filin nan dai Musulmi ke sallar Idi, a nan almajiran Shehu Ɗahiru Usman Bauchi suka saba cika wuri ranar rufe tafsirin Ramadan. Jam'iyyun siyasa na mulki da na adawa duk a nan suke gwada yawan magoya baya lokacin yaƙin neman zaɓe, kuma a nan sabon gwamna ke ɗaga littafi ya sha rantsuwa ranar 29 ga Mayu.

Muhimmancin wannan ya fi fitowa idan aka tuna halin da birnin ya shiga. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, mazauna Kaduna sun rarrabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudanci. Unguwanni da kasuwanni da makarantu da yawa suka bi wannan layi. Dandalin Murtala yana cikin 'yan wuraren da kowane ɓangare ke shiga yana jin nasa ne.

Tara jama'a kuma yana da nasa hatsari. Ranar 23 ga Yulin 2014, jim kaɗan bayan an tashi daga rufe tafsiri a dandalin, bom ya tashi a kan hanyar da ayarin Shehu Ɗahiru ke bi. Ba a jima ba wani ya tashi a Kawo kusa da ayarin Janar Muhammadu Buhari. Shugabannin biyu sun tsira, amma mutane da dama sun rasa rayukansu. Tun daga lokacin binciken masu shiga da rufe tituna suka zama ɓangaren kowane babban taro a wurin.

Zauren 'Yar'aduwa da sabon gyara

A 2009 Kaduna ta sake karɓar gasar wasanni ta ƙasa, karo na 16, a zamanin Gwamna Muhammad Namadi Sambo. Shirin gasar ya kawo sababbin gine-ginen wasanni a harabar dandalin, ciki har da babban zaure mai rufi wanda ke ɗauke da sunan Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Domin wasannin cikin ɗaki aka yi shi, amma bukatar gari ta juya shi. A yau taron gwamnati da na ƙungiyoyi da laccoci sun fi wasa yawa a cikinsa, kuma a nan aka riƙa gudanar da taron zuba jari na jihar, KADInvest, wanda aka fara a 2016. Haka abin yake a biranen duniya da yawa, domin ranakun gasa kaɗan ne a shekara, kuma zauren da zai ciyar da kansa dole ya karɓi kowane irin taro.

Filin Ahmadu Bello shi ma ya ga manyan ranaku. Yana cikin filayen da aka buga gasar cin kofin duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ranar 25 ga Maris ɗin 2016 kuwa, a wasan neman gurbin kofin Afirka tsakanin Najeriya da Masar da aka tashi 1 da 1, jama'a sun yi wa filin yawa nesa ba kusa ba, har matasa suka ɗare turakun fitilu da allon nuna sakamako. Allah ya kiyaye ba a yi turmutsitsi ba, amma Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta ci tarar Najeriya, kuma hotunan ranar sun zagaya duniya.

A Disambar 2017 dawaki suka dawo dandalin domin bikin cikar Kaduna shekara 100 a matsayin hedikwata. Bayan haka gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sa shi cikin shirinta na sabunta birane da ta ƙaddamar a 2019. Aka gyara rumfunan zama, aka yi hanyoyin tattaki da wuraren motsa jiki da na cin abinci, Shugaba Buhari ya buɗe shi a Janairun 2022. Maƙwabcinsa bai yi wannan sa'a ba. Otal ɗin Durbar, bayan ya yi shekaru a rufe, an rushe shi a Janairun 2020, lamarin da ya kai gwamnatin jiha da kamfanin da ke da alaƙa da iyalan marigayi Janar Sani Abacha gaban kotu.

Abin da ke kan mizani

Wanda ya bi wannan tarihi zai lura cewa kusan kowane babban aiki a wuraren taron Kaduna wani biki ne ya jawo shi: zuwan Sarauniya, mulkin kai, FESTAC, gasar ƙasa, kofin duniya. Idan baƙi suna tafe sai a samo kuɗi a yi aiki cikin gaggawa, idan suka tafi sai kasafin kulawa ya ƙafe har wani bikin ya taso. Matsalar ba ta Kaduna kaɗai ba ce. Filin Surulere ya yi shekaru yana lalacewa bayan an gina na Abuja saboda wasannin Afirka na 2003. Babban ɗakin wasannin gargajiya na Iganmu, wanda aka gina domin FESTAC, sai da aka miƙa gyaransa ga kwamitin shugabannin bankuna a 2020. Birnin Montreal na Kanada kuwa bai gama biyan bashin gasar Olamfik ta 1976 ba sai a 2006. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rufin da ke yoyo ba ya jiran ranar biki.

Hanyar da gwamnatoci ke bi yanzu ita ce a sa wurin ya riƙa samar da kuɗin kansa, ta hayar zaure da shaguna da kuɗin shiga. Wannan yana rage wa baitulmali nauyi, amma yana zuwa da tambaya: idan kowace ƙofa ta zama ta biya, ina yaran unguwa za su buga ƙwallo, ina ƙaramar ƙungiya za ta yi taronta? Daidaita kuɗin shiga da haƙƙin talaka shi ne aikin da ke gaban duk hukumar da aka damƙa wa irin wannan wuri. Haka nan batun tsaro da ƙayyade yawan masu shiga, wanda darussan 2014 da 2016 suka nuna ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma batun adana tarihi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Manyan hawan da aka yi a Kaduna suna cikin wannan tarihi, kuma hotunansu da fina-finansu suna warwatse a Arewa House da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da ma'adanai na Ingila. Matashin da ke tattaki a dandalin da safe ya cancanci ya tarar da allo ko ɗan ɗakin nuni da zai gaya masa abin da ya faru a ƙarƙashin ƙafarsa.

Sauran garuruwan Arewa suna da irin wannan fili, babba ko ƙarami: Dandalin Ribaɗu a Yola, Dandalin Ramat a Maiduguri, filin sukuwa na Kano, da filayen Idi da na ƙwallo a garuruwa irin Mubi da ke ta bunƙasa bayan wahalar da suka sha a 2014. Matsin neman filin gini yana ƙaruwa a kan dukkansu, domin a tsakiyar gari suke inda ƙasa ta fi tsada. Abin da ya ceci na Kaduna shi ne gwamnatoci daban-daban, na Turawa da na farar hula da na soja, sun canza masa suna da fasali amma ba wadda ta yanka shi fuloti-fuloti. Garin da ya sayar da dandalinsa zai iya gina zaure a bayan gari, sai dai ba zai sake samun sarari irin wannan a tsakiyarsa ba.